Jirgin da Na Kayar a Falon Nna

Ba zan taɓa mantawa da azahar ɗin da Yaya Umaru ya kira ni a waya ba. Ina shagon buga takardu da nake aiki a Bosso, cikin Minna, ina tsakiyar buga wa wani ɗalibi aikinsa na kammala karatu, sai na ji ya ce: "Auta, kujerar Nna ta fito. Bana za ta sauke farali." Na ajiye aikin ɗalibin, na hau mashin zuwa Kpakungu don in riga kowa yi mata albishir. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Da na faɗa mata, ta ɗaga hannu ta yi hamdala, ta share hawaye da gefen zani, ta sa wa Yaya albarka. Sannan ta mayar da ido kan shinkafarta ta ce, "Amma dai ba a jirgin sama za a kai mu ba ko?"

Na ɗauka wasa take yi, har na yi dariya.

Nna mahaifiyarmu ce, Allah ya jiƙanta. Haka muke kiranta, yadda ake kiran uwa a gidajen mutanen Bida. Ba matsoraciya ba ce. A bakin kogi ta girma, kuma ita kaɗai ta riƙe mu da sayar da shinkafa bayan rasuwar mahaifinmu. Amma a kan jirgi ta kafe. "Ruwa na san shi," in ji ta. "Kwalekwale in ya kife, iyo zan yi. Sama fa, me zan kama?" Yaya ya kawo malami ya yi mata nasiha a kan ajali. Ta saurara da ladabi, ta ba shi goro, ta ce ta ji, amma a ba ƙanwarta ta Bida kujerar. Saura mako guda maniyyata su je allurar riga-kafi. In ba ta je ba, dole a sauya suna, shekarun da Yaya ya yi yana burin kai ta su tashi a banza.

A nan ni, uban 'yan iya, na ce a bar mini aikin.

Bari in gaya muku abin da ya ba ni wannan ƙarfin gwiwa. Kimanin shekara guda kafin nan, wani ɗalibi da ya gama karatu ya bar mini faifan kwamfuta na koyon tuƙin jirgi. Da zai ba ni ya ce, "Wannan ba wasan yara ba ne, da irinsa matuƙa na gaskiya suke koyo." Wannan magana na ɗauke ta na rataya a wuya, duk wanda ya leƙo ɗakina sai na maimaita masa. Maigidana na shago ya ba ni wata tsohuwar kwamfuta da ya daina aiki da ita, na kai ta gida, na samo sandar tuƙi ta hannu a wajen masu kayan gwanjo. In ka kunna, sai ga ka zaune a kujerar matuƙi, agogai birjik a gabanka: na gudu, na nisan sama, na mai, na alƙibla. Za ka zaɓi jirgin da kake so da filin da za ka tashi. Har filin jirgin Minna yana ciki. Ranar da na fara tashi daga nan na ga duwatsun garinmu suna ƙanƙancewa a ƙarƙashina, sai da na kasa cin tuwo.

Sakandare kawai na gama, saboda haka da ƙamus a gefe na karanta darussan, kalma bayan kalma. Kuma gaskiya na koyi abubuwa. Na san gudun da jirgi zai kai kafin a ɗaga hancinsa. Na san yadda ake karkata fuka-fuki a juya ba tare da an rasa tsayi ba. Abokaina suka sa mini suna Kyaftin, ni kuma ban hana ba (har amsawa nake yi a kasuwa).

Abu ɗaya ne ban gaya wa kowa ba: ban taɓa sauka ba, ko sau ɗaya.

Dalili kuwa, ni ba na zaɓar gajeriyar tafiya. Daga Minna sai Jidda, ko Landan, ko Alƙahira. Irin wannan tafiya awanni take ɗauka, a unguwarmu kuwa in wuta ta yi awa biyu a jere sai mutane su fara tambayar ko wani babban mutum ne zai zo gari. Kullum jirgina yana can saman Chadi ko Sudan sai ɗif, allo ya yi baƙi. Sai in miƙe in yi miƙa, in ce da ba don wuta ba da yanzu na kusa. Darussan sauka suna nan cikin faifan, tsallake su na yi. A ganina sauka ba wani abu ba ne, tashi ne kawai ake juyawa.

To, a lokacin maniyyatan unguwarmu suna zuwa bita a filin wata Islamiyya. An haɗa akwatin katako an lulluɓe da baƙin yadi, suna zagaye shi ana koya musu ɗawafi. Na ce ai shi ke nan: in ana bitar ɗawafi, me zai hana bitar jirgi? Abin da mutum bai sani ba shi yake tsoro. In Nna ta ga yadda ake tashi da idonta, ta ji ƙarar injin, ta ga babu komai, magana ta ƙare.

Yaya ya dube ni ya ce, "Auta, ka tabbata?"

"Yaya, wannan fagena ne."

Nna ta ce to, a nuna mata ta gani. Sai dai ta je bita ta ba abokan tafiyarta labari, ranar Asabar da la'asar sai ga mata takwas a ƙofar gida da hijabansu. A cikinsu akwai Gwaggo Hawwa, wata dattijuwa mai sayar da manja, wadda tun farko ta ce ita ba ta tsoron komai, kallo kawai ta zo. Ta tara kuma ita ce Mama Saratu, maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Paiko. Kirista ce, ba tafiyar za ta yi ba, amma shekara talatin suna tare da Nna, kuma ba a taɓa yin abin dariya a gidanmu ba ta nan ba.

Na shirya sosai. Na aro kujerun roba na jera su biyu-biyu a falo, da hanya a tsakiya. Na ɗora kwamfutar a kan tebur mai tsawo. Na aro babbar lasifika a wajen wani mai sa kiɗa a gidan biki, don ƙarar injin ta fito yadda take. Na goge farar riga. Na sa kowace mace ta ɗaure kanta a jikin kujera da gyale, a matsayin ɗamarar jirgi. Sannan, don kada wuta ta kunyata ni a gaban baƙi, na je shagon Yaya na ɗauko janareta. Da hannuna na ɗauko shi, da hannuna na cika shi da mai har wuya.

Na zauna, na gyara murya. "Maniyyata, barkanku da shigowa. Kyaftin ɗinku ke magana."

Mama Saratu ta ɗaga hannu daga kujerar baya. "Direba, ni ba Makka zan je ba. Ka sauke ni a Paiko, daidai kasuwa."

Aka yi dariya, har da Nna. Na ce wannan alama ce mai kyau.

Na zaɓi babban jirgi, irin na alhazai. Na tayar da injuna, lasifika ta ɗauki ruri har tagogi suna karkarwa. Jirgi ya fara gudu a kan titinsa, farin layi yana wucewa da sauri. Da ya kai gudun da ya kamata na ja sanda a hankali, hanci ya ɗaga, ƙasa ta sake mu. Ban taɓa yin tashi mai kyau irin na ranar ba. Matan suka ɗauki kabbara. Na saci kallon Nna a layin gaba, na ga ta buɗe ido, ta ɗan sunkuyo tana duban allo.

"Wancan kore-koren fa?"

"Gonaki ne, Nna."

"Farin nan kuma?"

"Gajimare. Yanzu za mu ratsa shi, ki gani ba ya hana komai."

Muka ratsa. Na yi ta bayani kamar malamin jami'a: wannan agogon kaza yake nunawa, wancan kaza. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu yana gyaɗa kai. Shirina shi ne in ɗan yi shawagi na minti goma, in ce to haka za a yi ta tafiya har Jidda, in kashe kwamfuta, a sha zoɓo. Har na kai hannu zan kashe, sai Gwaggo Hawwa ta ce, "Af, ɗan nan, a sama za ka bar mu? An ce ai saukar ita ce abin ji."

Nna ta ce, "Gaskiya ne. Sauke mu mu gani."

Da ina da hankali da na ce lokacin sallah ya gabato. Amma mutumin da aka yi wa kabbara minti goma da suka wuce ba ya jin shawara, ko da tasa ce. Na ce, "Abu mai sauƙi."

Na juyo da jirgi. Da farko filin ma na nema na rasa. Ashe wurin da yake da faɗi in kana kansa, daga sama bai fi tsinken tsintsiya ba. Da ƙyar na hango shi, na nufe shi. Kafin in gama tunanin me ake fara taɓawa, mun wuce ta samansa da gudu kamar an koro mu.

"Ka'ida ce," na ce. "Sai an yi zagaye ɗaya tukuna."

Mama Saratu ta ce, "Au, ɗawafin tun daga Minna ake farawa?"

A zagaye na biyu na tura hancin jirgi ƙasa, tunda a lissafina juya tashi kawai ake yi. Nan take wata ƙara ta ɓarke a lasifika, wadda ban taɓa ji ba tun da na samu faifan, sannan wata murya ta fara maimaita magana da Turanci cikin gaggawa.

Nna ta ce, "Me yake cewa?"

"Gaisuwa ce, Nna. Haka yake yi kullum."

"Gaisuwar lafiya?" in ji Mama Saratu. "Cewa yake ka ɗaga, ƙasa ta yi kusa! Auta, ɗaga mana!" (Na manta shekara nawa ta yi tana aiki da likitoci.)

Na fizgi sanda, jirgi ya yi sama kamar doki ya ga maciji, allo ya karkace, sama ta koma gefe. Wata daga baya ta fara salati da ƙarfi. Gumi ya jiƙa farar rigata. A nan ne na ɗaga kai na dubi ƙwan fitilar falo. Tun da nake ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar. Na roƙa da zuciya ɗaya. Janareta kuwa yana waje yana ta aikinsa, cike da man da na zuba masa.

A zagaye na uku na samu na daidaita da titin, ko kusa da haka. Na rage wa injin wuta, na rage kuma, muna gangarowa, itatuwa suna girma. Har na fara jin kamar zan tsira. Abin da na manta shi ne tayoyi. Tun da na naɗe su bayan tashi ban sake tunawa da su ba, domin a duk shekarar nan ban taɓa kai inda ake buƙatarsu ba. Titin ma ya zame ya koma hagu. Muka daki ƙasa da ciki a cikin wani koren fili.

Kun tuna lasifikar gidan biki ce, kuma na ƙure ta. Ƙarar da ta fito, maƙwabta sai da suka leƙo. Gwaggo Hawwa ta zabura za ta gudu, ta manta a ɗaure take, ta tashi da kujerar a bayanta, suka zube tare a kan tabarma. Nna ta bar Hausa ta koma Nufanci, abin da ba ta yi sai magana ta kai maƙura. Sannan falo ya yi tsit, sai kukan janareta. Kwamfutar kuma, don ta ƙara mini, ta mayar da jirgin kan titi sabo fil, kamar ba a yi komai ba.

Wata tsohuwa da ta rufe ido tun zagaye na biyu ta ce, "Mun iso?"

"Kun iso, Hajiya," in ji Mama Saratu. "Gonar doyar mutanen Maikunkele ce, maƙwabtan filin jirgi. Ku fito a hankali, kada ku taka musu shuka."

Ba wanda ya yi dariya sai ita. Aka kwance Gwaggo Hawwa, ta gyara hijabi, ta ce ita kam ta fasa, 'ya'yanta su nemi wanda za su ba kujerar. Matan suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta taɓa zoɓon. Yaya ya yafito ni waje.

"Mutum ɗaya na ce ka rarrasa, ka tsorata mini tara. Sau nawa ka taɓa saukar da abin nan?"

Na dubi ƙasa. "Yau ne na farko."

Bai zage ni ba. Ya je ya kashe janareta da kansa, ya tsaya a wurin ya juya mini baya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai Nna ta kira ni. Na same ta inda na bar ta, ita kaɗai a layin gaba, gyalen yana ɗaure a ƙugunta. Na durƙusa.

"Auta, wanda zai tuƙa mu, irinka ne?"

"A'a, Nna."

"A ina ya koya? A ɗakin uwarsa?"

"A makaranta. Shekaru suke yi, da malami a gefensu, a jirgi na gaskiya. Ba a ba su fasinja sai sun sauka sau da yawa an gani."

"Ba kai ka ce da irin wannan suke koyo ba?"

"Na ce. Suna amfani da irinsa, amma nasu ya fi wannan nesa ba kusa ba. Kuma su ba sa tsallake darasi."

Ta dube ni. "Shekara guda ina wucewa ta ƙofar ɗakinka. Ina ganinka da singileti, hannu ɗaya a sanda, ɗaya a kwanon gyaɗa, kana ce wa mutane haka matuƙa suke koyo. A kasuwa ana ce mini uwar Kyaftin. Kai da ka faɗa kwata da mashin ɗin Umaru sau biyu. Na ce in dai irinka ne a gaban jirgi, Allah ya ga niyyata, a gida zan zauna." Ta fara kwance gyalen. "Tunda ba kai ba ne, zan je."

Sannan dariya ta kama ta, irin wadda take yi ba sauti, sai kafaɗu suna rawa. Ni dai ina durƙushe. Ashe duk tsoron nan da muka kawo wa malami, ni ne tushensa.

Washegari da sassafe ta sa hijabi ta tafi gidan Gwaggo Hawwa. Ban san me ta gaya mata ba, amma na san da sunana a ciki, domin tare suka je allura, kuma daga ranar, duk sanda Gwaggo ta gan ni sai ta rufe baki da hijabi tana dariya. A unguwa aka ƙara wa sunana wutsiya, na zama Kyaftin Doya. Har yau akwai masu kirana haka, wasu ma ba su san dalili ba.

Ranar tafiya muka raka su sansanin alhazai. Nna ta yafe mana, muka yafe mata. Da ta zo kaina ta riƙe hannuna ta ce, "Ka koyi saukar nan kafin in dawo. Ba na son a ce ɗana ya fara abu ya bar shi a sama."

Na koma darasi na farko. Na ajiye babban jirgi na ɗauki ƙarami mai farfela ɗaya. Na daina zuwa Landan. Daga Minna sai Minna, tafiyar minti goma, wadda ko wutar unguwarmu tana iya jira. A nan na gane sauka tun daga nesa ake fara ta: a rage gudu da wuri, a daidaita da titi tun yana ɗan tsinke, a bar jirgi ya zauna da kansa ba a tura shi ba. Na fasa jirage da yawa a makonnin nan. Ranar da tayoyina suka fara taɓa titi lafiya, ni kaɗai ne a ɗaki. Na yi ta maimaitawa har na koma babban jirgin, shi ma ya bi.

Nna ta dawo lafiya, ta rame kaɗan, fuskarta tana haske. Ta ce sai da ta ji mutane suna kabbara ta san sun taɓa ƙasa. "Wancan yaron da ya tuƙa mu ya iya," in ji ta. "Kai fa?"

"Na iya yanzu, Nna."

"To, bari baƙi su ragu, sai ka nuna mini. Amma ban da lasifika."

Baƙi suka yi ta zuwa, daga Bida, daga Kuta, daga kasuwa. Ana raba dabino da zamzam, tana ba da labari. In an samu wuta akwai baƙi, in baƙi sun tafi babu wuta, ni kuma na rantse ba zan sake aron janareta ba. Na ce ai akwai lokaci. A mako na uku zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba ta daɗe tana jinya ba. Kujerun robar nan dai su muka sake arowa, aka jera a ƙofar gida don masu ta'aziyya.

Abin da na koya, in ma darasi ne: kada ka ɗauki fasinja a hanyar da ba ka taɓa kai ƙarshenta ba, kuma in rashin wuta ne yake rufa maka asiri, ka bar janareta inda yake. Wannan na biya kuɗinsa da kunya, kuma ban yi asara ba, tunda ta je ta dawo.

Saukar kuwa na iya ta, har a cikin iska da ruwan sama. Ban nuna mata ba.